Tsofaffin Tayoyin Eberhard

Tayoyi fa! Ke, na rantse miki tsofaffin tayoyi, irin waɗanda ko masu kwasar bola sai kin biya su kafin su ɗauka. Su ne suka kusa raba mu da ƙawata Ronja, su ne kuma suka sa yau layinmu ya rikice kamar ranar kasuwa. Tsaya, na yi gaba da yawa. Bari in gyara wa yarinyar nan zama a cinya in faro miki daga tushe, da hannu ɗaya nake rubutun.

Kin dai san motar gidan Maisch. Duk wanda ya taɓa leƙa tagar ɗakinsu na ƙasa ya gan ta: Porsche mai injin turbo mai ƙarfin tsiya, koriya, mai faɗin ƙugu, da wata wutsiya a baya kamar farantin kawo shayi. Tsoho Eberhard ya saye ta tun yana matashi, da kuɗin diyyar da aka biya lokacin da aka yanki gonar babansa aka yi titi. Haukarsa ɗaya ke nan a duniya, mutumin da ke raba ɗan burodin brezel biyu ya ajiye rabi don gobe. Bazara ɗaya ya hau ta. Ran nan a wata kwana ya taka ta, ta yi shiru kamar ba ta ji ba, sai kawai ta zabura, bayanta ya nemi ya riga gabanta. Ya dawo gida fuska fari fat, ya shigar da ita ɗaki ya ja ƙofa. Tun daga ranar ba ta ƙara ganin ruwan sama ba. Kuma ɗakin nan shi ne mafi ɗumi a gidan. Matarsa Waltraud tana kwana a sama da safa biyu, mota kuwa hitar da ke ɗumama ɗakinta ba ta mutuwa.

To ɗansu Steffen da matarsa Ronja, ƙawata, a ɗan ɗakin can ƙarƙashin rufi suke, inda kullum sai Steffen ya ƙume kai da katako. Cikin Ronja ya tsufa. Ta ce ita ba za ta riƙa hawa wannan matakalar da jariri ba, ko a ba su ɗakin ƙasa, ko su koma Bremen, can arewa mai nisa, wurin iyayenta, akwai gida yana jiransu, ranar Litinin za su ba da amsa. Waltraud ta ji kamar an zare mata laka. Jikanta na fari, a Bremen, can inda ko tudu babu!

Ta sa Eberhard a gaba, safe da yamma, har ya yarda zai sayar da motar a ba su ɗakin. Amma duk wanda ya zo sai ya kore shi. Wani wai ya rufe ƙofar da ƙarfi, wani wai ya ce zai riƙa hawa. Mutum ɗaya tak ya amince da shi, wani Herr Brodersen daga Hamburg, mai katafaren zaure cike da motocin da ba ya tuƙawa, wanda ya yi alkawarin Eberhard zai iya zuwa ya gaishe ta duk lokacin da ya so.

"Ko shi, ko babu kowa," in ji Eberhard.

Yau Asabar Herr Brodersen ya zo, da motar jan kaya a bayansa. Waltraud tun da safe ta share titi har gaban gidan maƙwabta, ta goge mota, ta shafa wa tayoyi baƙin mai har suna ɗaukar ido, ta gasa kek ɗin tuffa. A ranta ta gama komai. Wa zai ga wannan tsafta ya juya?

Herr Brodersen ya sa farar safar hannu kamar mai shirin fiɗa. Ya buɗe ƙofar motar a hankali, ya tura kai ciki, ya lumshe ido yana shaƙa.

"Ka yi haƙuri da warin, Herr Brodersen," in ji Waltraud, kunya ta kama ta. "Tsohuwar fata ce. Bari in bubbuɗe ta sha iska, ina da turaren lemo..."

"Kar ki taɓa!" Har sai da ta firgita. "Frau Maisch, wannan ƙamshin ba a sayar da shi a ko'ina."

To fa. Ta janye hannunta. Ya zagayo gaba, ya ga wata 'yar takarda manne a gilashi, ta yi rawaya ta fara ɓanɓarewa.

"Wannan ma na sha cewa zan kankare ta da reza, shi ya hana," ta ce, tana hararar mijinta.

Mutumin ya dafe ƙirji. "Da kin kankare, da kin kankare kuɗin ƙaramar mota."

Waltraud ta dubi takardar, ta dubi mutumin. Ta kasa gane ko zolayarta yake yi. Ya leƙa agogon tafiya ya ga ɗan abin da motar ta ci a rayuwarta, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ita dai a saninta, abin da ba a mora ba asara ne. Amma tunda yana murna, ta ce a ranta, mu je a haka.

Sai ya durƙusa gindin taya, ya kunna tocilan yana karanta wasu ƙananan lambobi a gefenta. Ya daɗe. Ya rarrafa zuwa ta biyu. Da ya miƙe fuskarsa ta canza.

"Waɗannan ba nata ba ne."

"Sababbi ne!" Waltraud ta washe baki, ga abin da za ta yi alfahari da shi ya zo. "Ni na saya masa da ya cika sittin. Yana asibiti ana masa aikin gwiwa na sa aka sauya. Na dā sun yi furfura, duk sun tsattsage, abin kunya. Waɗannan ko titi ba su taɓa takawa ba."

Herr Brodersen ya zauna a kan ɗan benci kamar an yi masa rasuwa. Ya ce shi a gasar da yake kai motoci, alƙalai ne ke zagayawa da tocilan, kuma abin da suke nema mota yadda ta fito daga masana'anta, ko iskar cikin taya da za a samu ta asali da sun fi so. Ya ce mai sababbin tayoyi yana da ita a gida, ba don irinta ya yi wannan doguwar tafiya ba.

"Tsaya in gane," in ji Waltraud. "Wato tsohuwar taya ta fi sabuwa?"

"A wannan motar, nesa ba kusa ba."

"Amma ba za a iya tafiya da su ba. Fashewa za su yi."

"Wa ya ce za a yi tafiya?"

"To mene ne amfanin taya?"

Waltraud ta juya wajen ɗanta ko zai taimaka, Steffen ya ɗaga kafaɗa. Ronja tana zaune a matakala, hannu a kan ciki.

Eberhard ne kawai ya warware. "To, ba rabo ke nan! Zo ka sha kofi kafin ka kama hanya, Herr Brodersen. Waltraud, yanka masa kek. Babban yanka."

Babban yanka, daga bakin Eberhard. Waltraud ta ji abin ya tsaya mata a rai, amma ba ta da lokacinsa.

"Na san an zubar da su tuntuni," in ji baƙon cikin sanyin murya.

"Zubarwa?" Ta riƙe ƙugu. "A gidan nan? Herr Brodersen, wataƙila a Hamburg haka kuke yi. Biyo ni."

Taya ta farko tana tsakiyar lambu, cike da ƙasa, jajayen furanni sun yi shar a cikinta. Mutumin nan, da wandonsa mai tsada, ya zube a kan gwiwa ya fara tonon ƙasa da farar safarsa. Ya haska lambobin ya saki wata 'yar ƙara kamar an miƙa masa jariri.

"Furannina!" in ji Waltraud. "Steffen, kawo tukunya, kar ka tsaya kamar gunki!"

Ta biyu tana bayan gida a kan tamfol, tana danne itacen hunturu kar iska ta yaye. Gansakuka ta yi mata kore. Waltraud ta ruga ta ɗauko buroshi da bokiti.

"A'a! A'a, don Allah!" Ya tare da jikinsa. "Akwai mai wanke su, da auduga yake yi."

"Da auduga. Taya."

"E."

Ta ajiye bokitin a hankali. Shekara arba'in da wani abu tana wanke-wanke a gidan nan, ba a taɓa roƙonta ta bar datti ba.

Ta uku ce aiki. Tana gidan Gerda Klink, maƙwabciyarsu da suka shekara talatin suna gasar wa ya fi share ƙofar gida. Gerda ta shimfiɗa tsohon bargo a ciki, gajeren karen nan nata mai jan ciki a ƙasa a nan yake barci.

"Gerda, na zo karɓar tayata."

"Tayarki? Kyauta kika ba ni, shekara nawa yau?"

"Aro na ba ki."

"Aro! Ke da ko gishiri kika ara wa mutum sai kin zo da cokali kin auna abinki?"

"To ji. Zan ba ki sabuwa fil a madadinta. Ko titi ba ta taka ba."

Gerda ta ƙanƙance ido. Ta dubi baƙon da ke leƙe ta saman shinge, safar hannu duk laka. "Sabuwa a kan tsohuwa? Waltraud Maisch? Me ke cikin tayar nan? Zinariya kuka ɓoye?"

"Gashin karenki ne a ciki! Wai tsufan ake so."

"Tsufan? To ai da kin ba shi Eberhard gaba ɗaya."

"Gerda, ki ji tsoron Allah. Yarinyar nan Litinin za ta ce wa Bremen e."

Gerda ma nata jikokin sai a waya take ganinsu. Ta sunkuya ta ɗago kare yana gurnani. "Sabuwar, da rabin kek ɗin da nake jin ƙamshinsa tun safe."

Uku suka jeru a tsakar gida, kowace da irin dattinta. Herr Brodersen yana zagaya su yana murza hannu. "Saura ɗaya, ta baya, mai faɗi."

Aka shiga nema. Rumfar kayan lambu, saman rufi, bayan garejin Gerda. Steffen ya je har makarantar yara ta coci, don wani ya ce ya taɓa ganin taya a wurin wasan yashi, ashe ta tarakta ce. Rana ta juya. Baƙon ya fara duban agogo, ya ce shi uku da babu duk ɗaya ne a wurinsa, kuma dole ya kama hanya kafin duhu.

"Uku fa cikin huɗu!" in ji Waltraud. "Ka sa sabuwar ta ɓangaren bango mana, wa zai gani?"

"Ni zan sani."

Ta zauna a bakin rijiyar lambu, kanta yana juyawa. Motar da ba ta tafiya ta fi gidansu daraja. Wari abin so ne, tsafta laifi ce, kyautar da ta yi wa mijinta da kuɗin da ta daɗe tana tarawa ita ce ɓarnar. Kuma jikanta zai tashi a Bremen saboda wata roba da ta ruɓe. Ta sake bin abin a ranta. Huɗu ta jingine bayan rumfa a wancan lokacin, wannan ta tabbata. Uku da hannunta ta raba su. Ta huɗun ba ta tuna ta taɓa ta ba.

Sai ta ji fito. Daga ɗakin mota yake fitowa, wata tsohuwar waƙar rawa. Eberhard bai yi fito ba ko ranar aurensu.

Ta same shi zaune a kujerar direba, hannu biyu a kan sitiyari. Ta rufo ƙofar ɗakin.

"Eberhard."

"Na'am."

"Ka san inda take."

Fiton ya tsaya. "Ba wanda ya tambaye ni."

"To na tambaye ka."

Ya shafa sitiyarin da babban yatsa. "Ke ba za ki gane ba."

"Yau kam ban gane komai ba, ƙara wannan a kai. Tsoronta kake ji, tsohon banza! Ka hau ta ta kusa kashe ka, ka dawo kana karkarwa, ni na dafa maka shayi. Me kake yi da ita?"

"Zama nake." Muryarsa ta yi ƙasa. "Da safe kafin ki sauko. In na zauna a nan gwiwata ba ta ciwo. Babana yana raye, gonar tana nan, ke kuma kina da wannan dogon kitson."

Waltraud ta taɓa gashinta ba ta sani ba. Ta nemi faɗan da ta shigo da shi ta rasa inda ya shiga. Ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar, ta zauna a gefensa, karo na farko tun kafin a haifi Steffen. Kujerar ta yi ƙasa da yawa, har sai da ta ce wash.

"Ni dai abu ɗaya na sani," ta ce. "Litinin jibi ce. Yaron zai tashi yana magana ta hanci irin ta mutanen arewa. Za a riƙa ɗaga masa waya a ce ga Opa, ga kakanka, gaishe shi, shi kuwa yana kallon wani wuri. Zai ci tuffa daga leda, bai san kakansa yana da itatuwa ba. Kai kuma kana nan zaune a ɗaki mai ɗumi, kai da gashin kaina na dā."

Ta bangon suna jin takun Ronja tana hawa matakala, taka ɗaya ta huta, taka ɗaya ta huta. Suka saurara har ta kai sama.

Eberhard ya sauke numfashi. "Taimaka mini in fita. Shiga ne mai sauƙi."

Ya ja su duka zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya kunna fitila ya nuna kusurwa. Ga babbar gangar katakon nan da yake zuba giyar tuffarsa, ga taya a ƙarƙashinta ta zame mata matashi, wai don kar sanyin daɓe ya ci katakon. Herr Brodersen ya kwanta rub da ciki ya haska. Ya ce rana ba ta taɓa ganinta ba, ta fi sauran ukun kyau, ya kusa sumbatar ta.

Sai dai gangar a cike take. Tun kaka Eberhard ya matse tuffarsa, kuma kin san shi, ƙaramin kofi ɗaya yake sha a yini. Steffen da direban motar jan kaya da mijina da aka kirawo suka kama, ko motsi. Eberhard ya ce su bari, gangar ta kakansa ce, in aka matsa mata buɗewa za ta yi.

"To a sa tiyo a zubar a kwata mana," in ji Herr Brodersen. "Zan biya kuɗinta."

Mata da miji suka juyo tare suka zuba masa ido, har ya ja da baya.

"Wannan mutumin," in ji Waltraud, "anya lafiyarsa ƙalau?"

Aka kwaso duk kwalaben gidan aka cika. Tukwane, butar shayi, bahon da aka saya wa jariri. Eberhard ya ƙwanƙwasa gangar, ko rubu'i ba ta sauka ba. Ya tsaya yana kallonta, yana kallon matarsa, gumi yana tsattsafo masa. Sannan ya ce, kamar ana cire masa haƙori:

"A kira mutanen layi. Kowa ya zo da abin zubawa."

"A nawa?" in ji Gerda daga saman matakala, bakinta cike da kek.

Eberhard ya runtse ido. "Kyauta."

Waltraud ta lalubi bango ta jingina. Duk abin da ta ji yau, wannan ne ya fi ɗaure mata kai. Ta sa hannu ta taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne. Ya ture hannun, ya ce ta daina tsayuwa ta je ta nemo mazurari.

Ke, yanzu haka daga can nake! Na kai jarka da babbar tukunyata, mijina ya koma da baro. Steffen ya riga ya buga waya Bremen ya ce gidan da ke jiransu a ba wani. Ronja tana ɗakin mota tana gwada faɗin taga da hannu, wai labule mai ruwan ƙwai za ta sa, muka rungumi juna har cikinta ya tokare ni. Yarinyata za ta sami abokin wasa a ƙofar gida, ke kin ji! Herr Brodersen kuwa yana zaune a matakalar ƙasa da kofin giyar tuffa a hannu, na uku ke nan, yana haska taya yana kallon yadda take ɗagowa kaɗan-kaɗan yayin da nauyin gangar ke raguwa. Waltraud ta tambaye shi ko lotsewar da ta yi ba matsala, ya fara bayani, ta ɗaga hannu ta ce ya bari, ta ƙoshi.

Amma har yanzu gangar ta fi rabi, kuma mutumin yana nan a kan bakansa na kafin duhu. Don Allah ki tura wa mamanki, ki tura wa matan ƙungiyar waƙar coci, da yayanki na 'yan kwana-kwana, su ai sun iya sha. Kowa ya zo gidan Maisch da jarka ko bokiti mai tsabta, a shiga ta ƙofar lambu, a goge ƙafa sosai don Waltraud tana tsaye a wurin. In sun ce ƙarya ne Eberhard ba ya kyauta, ki ce ni na gani da idona. Maza ki tura, kar ki tsaya sai kin gama wanke-wanke!